Eriyar Ɓoye Ko Eriyar Sanda? Kimiyyar Kama Rediyo A Kan Babur Na Doguwar Tafiya

Gabatarwa

Wanda ya saba bin hanyar Kaciya ko ta Abuja daga kudancin Kaduna ba zai rasa cin karo da manyan baburan nan masu akwatuna a baya da garkuwar iska a gaba ba, irin su Honda Gold Wing da Harley-Davidson da BMW. Akasarinsu 'yan Kwatano ne, an hau su a Amurka ko Turai ko Japan kafin su iso nan, kuma da yawa sukan zo da rediyo a jikinsu. Sai dai kash, ba kasafai eriyarsu ke isowa lafiya ba: wata ta karye a jirgin ruwa, wata 'yan kanzagi sun kwance ta a wurin ajiya, wata kuwa mai babur ɗin ne da kansa ya cire don yana ganin ta ɓata masa ado. Daga nan sai a nufi wurin mai rewaya a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha, a ce masa a sa eriyar da ba a gani.

A cikin gari komai yakan tafi daidai. Amma da an wuce Gonin Gora ko Kujama, sai muryar mai karanta labarai ta soma nutsewa cikin shuuu, har ta ɓace. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin da aka kashe ba. Matafiyi a waɗannan hanyoyi yana bukatar sanin halin da ake ciki, kuma wayar salula ba abin dogaro ba ce kullum. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, alal misali, an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, mutanen wuraren suka koma ga akwatin rediyo. Saboda haka yana da kyau a san abin da kimiyya ta ce kafin a zaɓi eriya.

Mece Ce Eriya?

A 1865 masanin nan na Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya nuna ta hanyar lissafi cewa lantarki da maganaɗisu suna iya tafiya tare cikin sarari tamkar igiyar ruwa, da saurin haske, watau kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da haka a ɗakin gwaji tsakanin 1887 da 1888, shi ya sa ake auna yawan kaɗawar igiyar da sunansa: kilohaz na nufin kaɗawa dubu a daƙiƙa, megahaz kuwa miliyan. Idan wannan igiya ta ratsa ta jikin ƙarfe, sai ta motsa ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa su riƙa kai da komo. Wannan ɗan motsi, wanda ƙarfinsa sau da yawa bai wuce 'yan ɓangarori cikin miliyan na bolt ɗaya ba, shi ne abin da rediyo ke karɓa ya mayar da shi murya. Ashe eriya ita ce kunnen rediyo, abin da kunne bai ji ba kuwa baki ba ya maimaita shi.

Kowace igiya tana da tsawon zangonta. Hanyar gano shi mai sauƙi ce: a raba 300 da yawan megahaz na tashar, abin da ya fito shi ne tsawon a mita. Tsofaffin masu sauraro sun san Rediyon Kaduna, wanda ya samo asali daga Kamfanin Watsa Labarai na Arewa da aka kafa a 1962, a kan mita 49 a gajeren zango da mita 505 a matsakaicin zango. Waɗannan lambobi ba sunaye ba ne kawai. Tsawon igiyar ne a kan kilohaz 6090 da kilohaz 594. Tashoshin FM kuwa suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, don haka zangonsu bai wuce mita 3 da ɗoriya ba. Na Supreme FM a kan 96.1 mita 3.12 ne, na Karama FM a kan 92.1 kuwa mita 3.26.

Eriyar sanda ta fi kama tasha idan tsawonta ya yi daidai da rubu'in zangon tashar, kamar yadda tsirkiyar garaya ke amsa wani sauti gwargwadon tsawonta. Rubu'in mita 3.12 shi ne santimita 78, rubu'in 3.26 kuwa santimita 81. Wannan ne dalilin da ya sa eriyar motocin da, irin su fijo 504 da aka fara harhaɗawa a masana'antar Kakuri a 1975, take kusan santimita 80. Lissafi ne ya yanke wannan tsawo, ba ra'ayin maƙeri ba.

Rabin Eriyar Da Ba A Gani

A nan ne babur ya sha bamban da mota. Eriyar sanda rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin shi ne shimfiɗar ƙarfen da aka kafa ta a kai, wadda ke aiki kamar madubi ta cike abin da ya rage. Guglielmo Marconi ya gano amfanin haka tun 1895, lokacin da ya haɗa ɗaya ɓangaren na'urarsa da ƙasa ya ga nisan saƙonsa ya ƙaru. A mota, rufi da murfin inji da ƙofofi duk ƙarfe ne mai faɗi, don haka madubin ya wadata. Babur kuwa ba shi da wannan gata: ƙarfensa firam ne da inji da tanki, sauran jikin duk roba ce.

Abin lura shi ne, idan aka kafa sandar a kan akwatin baya na roba ba tare da an haɗa gindinta da firam ba, an sayi eriya guda amma rabinta ke aiki. Masu ƙera manyan babura sukan shimfiɗa farantin ƙarfe ko faffaɗar waya a ƙarƙashin akwatin domin wannan bukata, kuma sau da yawa wannan ne ke ɓata idan aka kwance akwatin wajen gyara ko fenti. Haɗin da za a yi ya zama gajere, mai kauri ko faɗi, a kankare fenti da tsatsa a inda zai taɓa firam, sannan a shafa man giris don kada damina ta cinye shi. Doguwar siririyar waya da aka zagaya da ita har zuwa nagatif na batir tana iya kunna fitila, amma ga igiyar FM mai kaɗawa kusan sau miliyan 100 a daƙiƙa tamkar toshewar hanya ce.

Iri Uku Da Ake Samu

Na farko shi ne doguwar sanda ta asali. Ita ce ta fi kowace kama tasha, ba ta cin wuta, kuma da yake a tsaye take, tana ji daga gabas da yamma, kudu da arewa kusan daidai wa daida. Aibinta shi ne takan maƙale a reshen bishiya ko ƙofar zaure, takan hana rufe babur da tamfol, kuma tana jan idon ɓarawo.

Na biyu shi ne guntuwar eriya mai rigar roba, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. A cikinta an naɗe waya kamar sifirin, domin a sa ta amsa zangon FM duk da gajartarta. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi: guntuwar eriya tana ɗibar kaɗan daga ƙarfin igiyar, kuma takan fi jin wani yanki na tashoshi ta yi rauni a sauran.

Na uku shi ne eriyar ɓoye. Yawanci 'yar waya ce ko siririn faifan tagulla da ake mannawa a cikin garkuwar gaba ko cikin akwati, tare da ɗan ƙaramin amfilifaya mai cin wutar bolt 12. Roba da filastik ba sa tare igiyar rediyo, shi ya sa ɓoyewar ke yiwuwa. Ƙarfe kuwa yana tarewa, kamar yadda Michael Faraday ya nuna a 1836 da ɗakinsa da ya lulluɓe da ƙarfe. Don haka eriyar da aka cusa ƙarƙashin tanki, ko cikin akwatin alminiyom, ko bayan murfin zaren kabon mai ɗaukar lantarki, an sa ta a kurkuku ne.

Abin Da Amfilifaya Ba Zai Iya Ba

Masu sayarwa sukan nuna lambar ƙarin ƙarfi da ke jikin kwali a matsayin shaidar inganci. Gaskiyar magana ita ce, abin da ke sa a ji tasha tangaram shi ne yadda saƙon ya rinjayi hayaniyar da ke tare da shi. Amfilifaya ba ya bambance saƙo da hayaniya. Duk abin da ya shigo masa ɗagawa yake yi, har ya ƙara da 'yar tasa hayaniyar. Misalinsa kamar a kafa lasifika a tsakiyar kasuwar Monday ta Kakuri domin a ji raɗar mutum guda: raɗar za ta ƙaru, amma tare da cinikin kowa da kowa.

Ga kuma wata matsala. Cikin garkuwar gaba, inda ake ɓoye eriyar, nan ne matattarar wayoyin babur: na fitila, na agogon gudu, na caja. An kai kunnen ke nan bakin masu surutu. Daɗin daɗawa, wayar da aka kwantar ba ta ji sosai ta wajen bakinta biyu, shi ya sa tasha kan dushe idan babur ya sha kwana, ta dawo idan ya miƙe. Jikin mahayi ma, da yake yawancinsa ruwa ne mai gishiri, yakan shanye wani abu daga igiyar. Mai fita daga Kaduna zuwa kudu ya bar tashoshin a bayansa, shi da injinsa sun shiga tsakaninsu da eriyar da ke gaba.

A kusa da tasha mai ƙarfi kuma, akasin haka ke faruwa. Saƙon yakan fi ƙarfin ƙaramin amfilifaya mai araha, sai ya cakuɗa tashoshi, a ji biyu a wuri guda ko a ji ɗaya a inda ba muhallinta ba. Tun da Dokar Soja ta 38 ta 1992 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talbijin ta Ƙasa, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, tashoshin FM suka yawaita a Kaduna, wasu ma kusa da juna ƙwarai: 90.9 da 91.7 da 92.1 da 92.9. A irin wannan cunkoso, amfilifayan da ba shi da matatar kirki ɓarna yake ƙarawa. Amfaninsa na haƙiƙa shi ne idan yana manne da eriyar kanta, inda zai ɗaga saƙon kafin ya raunana a cikin doguwar waya.

Nisa, Duwatsu Da Yanayi

Akwai iyakar da ko wace irin eriya ba za ta ƙetare ba. Igiyar FM kusan a miƙe take tafiya, doron ƙasa kuwa a lanƙwashe yake. Injiniyoyi suna kimanta nisan da za ta kai ta hanyar haɗa tushen murabba'in tsawon hasumiyar tasha da na tsawon eriyar mai karɓa, a mita, a ninka da 4.12. A ɗauka hasumiya ta kai mita 100, eriyar babur kuma tana mita ɗaya da rabi daga ƙasa: amsar kimanin kilomita 46 ce. Bayan nan saƙon yana raguwa da sauri, ko da yake tudu kan ƙara nisa, kwari kuma ya rage. Tsakanin Kaduna da Abuja kuwa akwai abin da ya kusa kilomita 200. Ke nan ɓacewar tasha a tsakiyar hanya ba lallai laifin mai rewaya ba ne. Manyan duwatsun da ke yankin Kujama da Kajuru su ma sukan yi wa igiyar inuwa, ko su maido ta ta haɗu da wadda ta zo kai tsaye, murya ta riƙa fizga.

Matsakaicin zango, wanda ake rubutawa AM a jikin rediyo, halinsa daban ne. Igiyarsa tana bin doron ƙasa ta yi nisa da rana, da dare kuma, idan wani ɓangare na sararin samaniya da ke shanye ta ya washe bayan faɗuwar rana, sai ta riƙa dawowa daga sama ta kai ɗaruruwan kilomita. Wannan ne zangon matafiyi. Sai dai rubu'in mita 505 ya haura mita 126, sandar santimita 78 kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 600 na zangon ba. Abin da take ɗiba kaɗan ne ainun, don haka kowane santimita yana da daraja, kuma a nan ne eriyar ɓoye ta fi nuna kasawa. Haka kuma wayar eriyar mota ta musamman ce, an yi ta yadda ba za ta shanye wannan ɗan saƙo ba. Idan aka ƙara mata tsawo da wayar talbijin, FM na iya ci gaba da aiki, AM kuwa ta mutu.

Yanayi ma yana da nasa hannu. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, kowace walƙiya takan fito a AM kamar ana karya kara, ko da hadarin yana nesa. FM ba ta cika damuwa da wannan ba, domin Edwin Armstrong na Amurka, wanda ya yi rajistar fasahar a 1933, ya ɗora saƙon a kan sauyin yawan kaɗawa, hayaniyar walƙiya kuwa ƙarfin igiya take taɓawa. Da hunturu kuma, busasshiyar ƙura da ke gogar sanda a guje takan tara mata lantarki. Ɗan ƙwallon da ke kan sandar yana rage tartsatsin wannan lantarki, yana kuma kare idon mai wucewa. Bai kamata a yanke shi ba.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Kafin a sayi sabuwar eriya, wajibi ne a tabbata tsohuwar ce mai laifi. Gwajin ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A kama tasha mai rauni inji yana kashe, sannan a tayar da shi. Idan aka ji ƙas-ƙas mai ƙaruwa da an murɗa totur, daga filogi ne. Maganinsa filogi ko hular filogi mai rizisto, wanda yawanci kimanin om 5,000 ne, kuma a filogin NGK harafin R ke nuna shi. Idan fito ne mai hawa da sauka tare da gudun inji, sai a duba na'urar cajin batir da haɗin nagatif. Idan kuwa shuuu ɗin ya zo ne da an kunna fitilar LED ko an soka cajar waya, to su ne masu laifi, domin a cikinsu akwai 'yar na'ura mai kunna wuta da kashewa dubban ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa, ta zama ƙaramar tashar hayaniya. Sauya su da masu inganci, ko maƙala zoben ferait a wayarsu, ya fi sayen eriya goma.

Wani lokaci kuma rediyon ne bai san ƙasar da ya zo ba. A Amurka tashoshin AM suna jere da tazarar kilohaz 10, a Afirka da Turai kuwa tazarar 9 ce bisa yarjejeniyar Janiba ta 1975. Rediyon da aka yi wa kasuwar Amurka zai tsallake 594 daga 590 zuwa 600, ya tsaya a 750 maimakon 747 na Rediyo Nagarta, murya ta fito a shaƙe. A FM ma lambobin da suka ƙare da mara kawai yake takawa. Sa'ar da aka yi ita ce tashoshin Kaduna da aka ambata a sama duk haka suke. Tsofaffin rediyoyin kasuwar Japan kuwa daga megahaz 76 zuwa 90 suka tsaya, ba za su taɓa kai wa 96.1 ba komai kyawun eriya. Wasu rediyoyin ana iya sauya musu yanki, wasu sai an sa musu na'urar sauya zango ko a canza su ɗungurungum.

Wajen Ɗaurawa

Wanda ya zaɓi eriyar ɓoye ya kula da abubuwa kaɗan. A sa ta can sama, a tsaye gwargwadon iko, nesa da ƙarfe da tarin wayoyi. A gwada wurare biyu ko uku da salatif kafin a manne ta dindindin. A duba bakin wayar ya dace da na rediyon, domin akwai iri fiye da ɗaya, kuma wasu rediyoyin Turai ta cikin wayar eriyar suke aika wa amfilifaya wuta. A ɗauki wutar daga layin da makulli ke kashewa, a sa fiyus. Lissafin a fili yake: amfilifayan da ke jan miliamfiya 30 dare da rana zai sha kimanin amfiya-awa 10 cikin mako biyu, wanda ya kai rabin batir mai amfiya-awa 20. Sannan a toshe duk wata kafa da ruwa zai bi, domin ruwan da ya shiga wayar eriya ba ya fita.

Wasu baburan Amurka sanda biyu gare su, ɗaya ta rediyo, ɗaya ta na'urar magana tsakanin mahaya a kan megahaz 27. Eriyar ɓoye mai amfilifaya ta karɓa ce kawai. Idan aka tura mata saƙo sai ta ƙone, ban da cewa aika saƙo ta iska yana bukatar izinin hukuma.

A ƙarshe, gwajin gaskiya ba a bakin shago ake yin sa ba, inda ko guntun waya zai kama tasha. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a fita bayan gari da rana, a kan hanyar da aka tabbatar da lafiyarta, a tsaya a wuri guda a kwatanta tsohuwar eriya da sabuwa a kan tasha ɗaya.

Kammalawa

Zaɓin ya danganta ga inda babur ke zuwa. Mai zirga-zirga tsakanin Makera da Narayi da Television, wanda FM ta ishe shi, kuma yake tsoron a kwance masa sanda a bakin kasuwa, eriyar ɓoye mai inganci za ta biya masa bukata. Mai bin dogayen hanyoyi zuwa Kafancan ko Abuja ko Minna, wanda ke son labarai a matsakaicin zango, babu abin da zai maye masa gurbin sandar santimita 80 mai kyakkyawan haɗi da firam; idan sata yake gudu, akwai mai kwancewa da hannu a jefa a akwati. Guntuwar eriya tana tsakanin biyun.

Darasin bai tsaya ga masu manyan babura ba. Mai Boxer ko Jincheng da ke jin FM ta wayar salula, igiyar abin kunnensa ce eriyarsa, shi ya sa tasha ke dushewa idan ya dunƙule ta a aljihu. Sai dai toshe kunne biyu a kan titi ganganci ne, kuma sautin da ya danne hon ɗin tirela ya wuce kima. Neman tasha a tsaya a yi shi a gefen hanya, hular kwano a ka, a kuma san dokar hawa babur da ke aiki a inda za a bi, tun da Jihar Kaduna ta taɓa taƙaita shi a 2014 da 2021.